Wa Ya Ba Ka Iko? Sarki, Soja da Masu Wa'azi a Ingila, 1625 zuwa 1689

Kowace Lahadi mai hidima yakan tsaya gaban jama'a ya yi addu'a domin masu mulki, kamar yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti. A lokacin kwanciyar hankali wannan ba abin wuya ba ne, domin kowa ya san wanda ke kan kujera. Wuyar tana zuwa ranar da mutum biyu suka ce kujerar tasu ce, ko ranar da wanda ke kanta ya hau ta da bakin bindiga. A wannan rana dole mai addu'a ya ambaci suna ɗaya ya bar ɗaya, jama'a kuwa sun kasa kunne su ji wanda zai ambata.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ita ce masana ke kira halaccin mulki. Ɗan fashi da ya tare hanya yana da ƙarfin da zai sa mu miƙa masa kuɗinmu, amma ba wanda zai ce mun yi zunubi in muka sami hanya muka tsere masa. Mai karɓar haraji shi ma yana karɓar kuɗinmu, sai dai lamirinmu yana gaya mana cewa akwai hakki a kanmu. To, me ya raba su? A wannan darasi za mu duba yadda masu hidima a Ingila suka yi fama da wannan tambaya cikin ƙarni na 17. Mun zaɓi wannan zamani ne domin cikin shekara sittin da 'yan kai an yanke wa sarki ɗaya kai, an kori wani, soja sun yi mulki, kuma kowane sabon mai mulki yakan zo da rantsuwar da yake so fastoci su yi.

Koyarwar da suka gada

Sarki James, wanda ya gaji sarautar Ingila a 1603 bayan ya daɗe yana sarautar Sikotilan, mutum ne mai son rubuce-rubuce. A 1598 ya wallafa wani ɗan littafi inda ya ce sarki daga hannun Allah yake karɓar iko kai tsaye, saboda haka Allah kaɗai zai tambaye shi. In sarki ya zama mugu, bulala ce Allah ya aiko saboda zunubin jama'a, abin da ya rage wa talakawa kuwa shi ne haƙuri da addu'a da tuba. Ba shi ya ƙago wannan ba. Tun 1571 akwai wani rubutaccen wa'azi a kan haramcin tawaye wanda hukuma ta sa a riƙa karantawa a majami'u. Masu wannan koyarwa sukan jingina da Romawa sura 13, da kuma labarin Dawuda da ya ƙi taɓa Saul a cikin kogo, ko da yake Saul na neman ransa.

Mu yi wa koyarwar adalci. Ba ta ce a bi sarki cikin zunubi ba. Ta ce in sarki ya umarci abin da Allah ya hana, sai ka ƙi yi, sa'an nan ka tsaya ka karɓi hukuncin ba tare da ɗaga hannu ba, kamar Daniyel da abokansa. Mutanen da suka riƙe ta da gaske sun sha wahala dominta, za mu kuwa gamu da su a gaba.

Amma a hannun masu neman shiga wurin sarki ta koma wani abu dabam. Charles, ɗan James, ya hau gadon sarauta a 1625. Da majalisar dokoki ta hana shi kuɗi, sai ya tilasta wa masu hali su ba shi rance. A 1627 limamai biyu, Robert Sibthorpe da Roger Manwaring, suka yi wa'azi cewa wanda ya ƙi biya ya saɓa wa Allah. Babban bishop na Canterbury, George Abbot, ya ƙi sa hannu a buga wa'azin Sibthorpe, sai aka dakatar da shi daga aikinsa. Majalisa ta hukunta Manwaring a 1628, sarki ya yafe masa, daga baya ma ya naɗa shi bishop. Daga 1629 Charles ya yi shekara 11 yana mulki ba majalisa. Ya faɗaɗa harajin jiragen yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya, ya ɗora wa ƙasa duka. Wani mai gona, John Hampden, ya ƙi biyan sule 20, aka kai shi kotu, alƙalai 7 suka goyi bayan sarki, 5 suka goyi bayan Hampden. A 1640 kuma dokokin ikkilisiya suka wajabta wa kowane mai hidima ya karanta wa jama'arsa bayanin ikon sarki daga Allah sau ɗaya a kowane wata uku.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne littafin addu'a da Charles ya ɗora wa ikkilisiyar Sikotilan a 1637. Mutanen suka ƙi, suka ɗaura alkawari a tsakaninsu a 1638, suka ɗauki makami. Sarki ya rasa kuɗin yaƙi, dole ya kira majalisa a 1640. A ranar 4 ga Janairu 1642 ya shiga zauren majalisar wakilai da kansa don ya kama mutum biyar, ya tarar sun riga sun sulale. A watan Agusta na wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke.

Masu hidimar da suka goyi bayan majalisa suna bukatar amsar da za su ba lamirinsu. Wanda ya fi tsara ta shi ne Samuel Rutherford, fasto ɗan Sikotilan, a littafinsa na 1644 mai sunan Latin Lex, Rex, wato ya sa doka a gaba, sarki a baya. Ya raba abu biyu: mulki kansa tsarin Allah ne, amma wane mutum zai riƙe shi, wannan ta hannun jama'a yake zuwa. Allah ya zaɓi Dawuda, duk da haka bai zama sarkin Isra'ila ba sai da dattawa suka zo Hebron suka yi alkawari da shi. Tun da akwai alkawari, akwai sharaɗi. Sarkin da ya juya takobi a kan mutanen da aka ba shi ya tsare, a cikin wannan aikin ba bawan Allah ba ne domin alherinsu, kuma sauran mahukunta na ƙasa, waɗanda su ma daga Allah ikonsu yake, suna da hakkin tsayayya da shi. Mu lura cewa Rutherford bai ba kowane mutum izinin tayar da fitina ba. Mu kuma lura cewa alkawarin da majalisa ta ƙulla da Sikotilan a 1643, wanda dubban masu hidima suka rantse a kai, ya ƙunshi kiyaye ran sarki da ikonsa. Wannan layin zai dawo ya shaƙe su.

Shari'ar sarki

An ci Charles da yaƙi a 1646, amma bai yarda an gama ba. Yana tsare ya ƙulla yarjejeniya a ɓoye da wani ɓangare na 'yan Sikotilan, yaƙi ya sāke tashi a 1648. Wannan ne ya ƙure haƙurin soja. A wani taron addu'a da hafsoshi suka yi a Windsor suka kira shi mai alhakin jini, suna tuna Littafin Ƙidaya sura 35, inda aka koyar cewa jinin da aka zubar yana ƙazantar da ƙasa. Majalisa kuwa sulhu take so. A ranar 5 ga Disamba 1648 wakilai 129 suka zaɓi a ci gaba da daidaitawa da sarki, 83 suka ƙi. Washegari Kanar Thomas Pride ya tsaya a bakin ƙofa da sojoji da takardar sunaye a hannu. Aka kama sama da mutum 40, aka hana wasu da yawa shiga, wasu kuma suka ƙaurace da kansu. A harshenmu na yau, juyin mulki ke nan.

Ragowar wakilan suka kafa kotun da za ta yi wa sarki shari'a. Majalisar manyan ƙasa ta ƙi amincewa. Sai a ranar 4 ga Janairu 1649 wakilan suka zartar cewa jama'a ne, a ƙarƙashin Allah, tushen kowane iko na adalci, su kuma da yake wakilan jama'a ne, abin da suka zartar doka ne ko ba sarki, ko ba manyan ƙasa. Kalmomin suna da daɗin ji. Sai dai masu faɗarsu su ne waɗanda soja suka bari su shiga zaure.

An sa sunan mutum 135 su zama alƙalai, wajen rabinsu ne suka zo. Babban kwamandan soja da kansa, Thomas Fairfax, bai halarci shari'ar ba. Manyan alƙalan ƙasa suka ƙi shugabantar zaman, sai aka ɗauko wani lauya, John Bradshaw, wanda saboda tsoron harbi ya sa hula mai ƙarfe a ciki. Ranar 20 ga Janairu aka shigo da Charles babban zauren Westminster. Bai cire hularsa ba. Mai gabatar da ƙara, John Cook, ya karanta tuhuma: an ba shi amanar iko mai iyaka don ya yi mulki bisa doka, shi kuwa ya yaƙi majalisa da jama'a don ya kafa mulkin kama-karya.

Charles bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya nemi a gaya masa da wane iko aka kawo shi, ya kuma ƙara cewa iko na halal yake nufi, domin ɓarayi da 'yan fashin hanya su ma suna da irin nasu ikon. Bradshaw ya amsa cewa da sunan jama'ar Ingila ne. Sarki ya ce ba a tambayi ko ɗaya cikin goma na jama'ar ba, kuma bai ga manyan ƙasa a wurin ba balle a ce majalisa ce. Ya ce in ƙarfi marar doka zai iya yin doka ya sauya tushen ƙasa, to ba wani talaka a Ingila da zai kwana da tabbacin ransa ko dukiyarsa. Sau uku aka kawo shi, sau uku ya ƙi amsa tuhuma. Ranar 27 aka yanke masa hukuncin kisa, mutum 59 suka sa hannu a takardar, ranar 30 ga Janairu 1649 aka sare kansa a gaban fadarsa ta Whitehall.

A ganinmu tambayar Charles tana kan hanya, kotun kuwa ba ta amsa ta ba. Wanda ya karanta Agustin zai tuna cewa shi ma ya kwatanta mulkin da ba adalci da babbar ƙungiyar 'yan fashi. Amma amsar da Charles da kansa yake bayarwa ba ta fi tasu ba. Mutumin da ya yi shekara 11 yana karɓar kuɗin mutane ba da yardar wakilansu ba, sai da ya shiga hannu ya tuna da 'yancin talaka. Ko a kan dandalin kisa ya nanata cewa 'yancin jama'a shi ne a mulke su da dokoki, ba su da rabo a cikin mulkin kansa. Tuhumar Cook tana ɗauke da gaskiya babba, wato sarauta amana ce da za a iya tambayar mai riƙe da ita. Abin baƙin ciki shi ne gaskiyar ta fito daga bakin kotun da aka haifa da bindiga. Kowane ɓangare ya riƙe rabin maganar yana dukan ɗayan da ita.

Masu hidima suka rabu. Hugh Peters, limamin soja, ya yi ta wa'azi yana zuga alƙalai. John Owen ya yi wa'azi a gaban majalisa washegarin kisan. A ɗaya gefen, fastoci 47 na Landan, masu bin tsarin mulkin ikkilisiya ta hannun dattawa, suka rubuta wa hafsoshi kafin a fara shari'a suna tuna musu da rantsuwar 1643. Waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna wa'azin goyon bayan yaƙin. Marubuci John Milton ya yi musu ba'a mai zafi: ku da kuka tura mutane su harbi rundunar da sarki ke cikinta, yau kuma kuna cewa jikinsa ba ya taɓuwa? Ba'ar ta same su, ko da yake ba ta rushe hujjarsu ba, domin abin da suka ce tun farko shi ne mahukunta na halal ne ke da hakkin tsayayya, kanar da sojojinsa kuwa ba su cikin wannan lissafi.

Rantsuwar sabuwar gwamnati

Nan ne darasin ya fi kusa da aikinmu. A watan Maris 1649 aka soke sarauta da majalisar manyan ƙasa, a watan Mayu aka ce Ingila jamhuriya ce. Sabuwar gwamnati ta san yawancin mutane ba sa ƙaunarta. Wani littafi da aka ce tunanin sarki ne da addu'o'insa a kurkuku ya fito kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa, aka buga shi sama da sau 30 cikin shekara guda. Saboda haka gwamnati ta fito da gajeren alkawari: mutum ya ɗau nauyin zama mai aminci ga jamhuriya yadda take a yanzu, ba sarki, ba majalisar manyan ƙasa. A watan Oktoba 1649 aka ɗora shi a kan ma'aikata da malaman jami'a da masu hidima, daga Janairu 1650 kuma a kan kowane namiji da ya kai shekara 18. Wanda ya ƙi, ba shi da damar kai ƙara kotu. Ko bashi yake bin wani, ya yi asara.

Ka sa kanka a matsayin fasto na ƙauye a wannan shekara. Ka taɓa rantsuwa ga sarki da magadansa. Ka rantse a 1643 za ka kiyaye ransa. Ɗansa yana raye a ƙetare yana cewa shi ne sarki. Albashinka da gidan da iyalinka ke ciki suna hannun waɗanda suka kashe uban. Mutanen ikkilisiyarka kuma suna zuwa da dare suna tambaya ko su sa hannu.

Wani dattijon ɗan majalisa mai ilimin tauhidi, Francis Rous, ya kawo hanyar da ta sauƙaƙa wa mutane da yawa. A watan Afrilu 1649 ya rubuta cewa bai nemi kowa ya yarda an kafa gwamnatin bisa ƙa'ida ba. Ko da ta haramtacciyar hanya ta zo, halal ne a yi mata biyayya cikin abin da yake halal. Hujjarsa ita ce Romawa 13 ɗin nan da 'yan sarki suka daɗe suna riƙewa. Su wane ne ke mulkin Roma a zamanin Bulus? Kalaudiyas, wanda sojojin fada suka ɗora, da Nero, wanda shi ma soja ne suka fara yi masa mubaya'a. Bulus bai tsaya binciken yadda suka hau ba, masu ikon da ke nan ya yi magana a kansu. In kuwa kowa ya ƙi biyayya, ba kotu, ba kasuwa, ba mai hana ɓarawo, ƙasa ta zama kango.

Edward Gee, fasto daga Lancashire, yana cikin waɗanda suka mayar da martani. Masu wannan ra'ayi suka ce Rous ya haɗa abin da Allah ya ƙyale ya faru da abin da Allah ya umarta. Allah ya ƙyale ɓarawo ya shiga gida, wannan bai mai da shi mai gida ba. In riƙe kujera kaɗai ya isa, to an buɗe wa kowane mai ƙarfi ƙofa, kuma an mai da nasara alƙalin gaskiya. Masu ƙin bin mai ƙwace sun daɗe suna kawo labarin Ataliya a 2 Sarakuna sura 11: ta yi shekara shida tana mulkin Yahuza, amma firist Yehoyada bai ɗauke ta sarauniya ba, aka ɓoye Yowash har lokaci ya yi. Da yawa cikinsu sun yarda mutum zai iya biyan haraji, ya kiyaye zaman lafiya, ya bi dokar da ba ta saɓa wa Allah ba. Abin da suka ƙi shi ne ɗaure kai da alkawarin aminci, domin wannan shaida ce cewa abin da aka ƙwace ya zama na mai ƙwacen.

Muna ganin wannan bambanci na ƙarshe, tsakanin yin biyayya da ba da shaida, shi ne abu mafi amfani da gardamar ta haifar. Irmiya ya gaya wa kamammu su nemi zaman lafiyar Babila su yi mata addu'a, bai kuwa taɓa cewa Babila ta yi daidai ba. Rous yana da gaskiya cewa rayuwa ba za ta tsaya jiran a warware takardun gado ba. Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne ba ta san inda za ta tsaya ba: gobe wani kanar ya kori waɗannan, ita ce dai za ta yi masa maraba. Haka kuwa aka yi. Ranar 20 ga Afrilu 1653 Oliver Cromwell ya shiga da sojoji ya kori ragowar majalisar nan da aka sa mutane suka yi wa alkawarin aminci, Rous kuma ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon tsari.

Richard Baxter ya yi wa'azi a Kidderminster yana hana mutanensa sa hannu. Edward Reynolds ya rasa babban muƙaminsa a Oxford, aka ba John Owen. Christopher Love, fasto a Landan, ya wuce ƙin sa hannu, ya shiga hulɗa da masu neman dawo da ɗan sarki, aka sare kansa a watan Agusta 1651. Mafi yawa dai sun sa hannu, wasu da fassarar da suka yi wa kalmomin a zuciyarsu. A 1654 aka soke alkawarin.

Hobbes

A tsakiyar wannan gardama, a 1651, Thomas Hobbes ya fitar da littafinsa Leviathan, sunan da ya aro daga dodon ruwa na Littafin Ayuba. Ɗan limami ne, ya gudu Faransa tun 1640 saboda tsoron abin da ke tafe. Shi bai fara daga Nassi ba, daga tsoro ya fara. Ya ce inda ba mai iko ɗaya da kowa ke shakka, kowa abokin gāban kowa ne, ba noma, ba ciniki, ba tsawon rai. Don su tsira, mutane sukan miƙa hakkinsu ga mai mulki ɗaya, mutum ne ko majalisa. Kariya da biyayya a ɗaure suke: muddin yana iya tsare ka, kana da hakkin bin sa, ranar da ya kāsa kuwa ka kuɓuta. Wanda aka ci da yaƙi ya miƙa wuya don a bar shi da rai, a wurin Hobbes wannan yarda ce cikakkiya, ko da takobi na wuyansa. Shi da kansa ya koma Ingila a ƙarshen wannan shekara ya miƙa wuya ga jamhuriya.

Kada mu yi saurin raina shi. Duk wanda ya taɓa ganin garin da hukuma ta janye daga cikinsa ya san abin da Hobbes ke tsoro. Amma mai hidima ya kamata ya san kuɗin da Hobbes ke nema. A tsarinsa mai mulki ne ke yanke abin da za a koyar a fili, har a majami'a. In ya umarce ka ka yi musun bangaskiyarka da baki, Hobbes ya ce ka yi, zuciyarka taka ce, ya kuma kawo misalin Na'aman a haikalin Rimmon. Wanda ya karɓi wannan ba shi da sauran wurin da zai ajiye amsar da Bitrus ya ba majalisa a Ayyukan Manzanni sura 5.

Hujjar cin yaƙi ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A watan Maris 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Lugard ya gaya wa manyan gari cewa Fulani sun sami mulki ta hanyar yaƙi, yanzu an ci su, don haka duk abin da ke hannunsu ya koma hannun Ingila. Magana ce irin wadda aka yi ta gardama a kanta a Landan shekara 250 kafin nan, sai dai a Sakkwato ba a nemi jin ta bakin kowa ba.

Juyawar ƙaya

Cromwell ya mutu a 1658, tsarinsa bai daɗe bayansa ba. A watan Mayu 1660 Charles na Biyu ya shiga Landan, aka kuma lissafa wannan shekara a matsayin ta 12 ta sarautarsa, kamar dai jamhuriya ba ta taɓa kasancewa ba. A watan Oktoba aka kashe mutum goma, har da Cook da Hugh Peters. Aka ƙone littafin Rutherford, shi kuma mutuwa ta riga kotu a 1661. Henry Vane, wanda bai sa hannu a kisan sarki ba, ya kāre kansa da wata tsohuwar doka ta 1495 da ta ce ba laifi ga wanda ya bauta wa sarkin da ke kan gado a lokacin. Alƙalai suka ce dokar sarki ta ambata, ba jamhuriya ba, aka kashe shi a 1662. A wannan shekara aka bukaci kowane mai hidima ya furta cewa ɗaukar makami a kan sarki haram ne ko da wane dalili, ya yi watsi da alkawarin 1643, ya kuma amince da littafin addu'a gaba ɗaya. Tsakanin 1660 da 1662 kusan masu hidima 2,000 suka bar ikkilisiyoyinsu, Baxter na cikinsu. Reynolds kuwa ya karɓi bishop.

Ikkilisiyar Ingila ta yi shekara 25 tana koyar da haramcin tsayayya, sai ga James na Biyu, ɗan Katolika, ya hau a 1685. A 1688 ya umarta a karanta a majami'u wata sanarwa da ta dakatar da dokokin addini ba da yardar majalisa ba. Bishop bakwai, har da babbansu William Sancroft, suka roƙe shi ya janye. Ya tsare su, ya kai su kotu, kotu ta sallame su ranar 30 ga Yuni, Landan ta cika da murna. A watan Nuwamba surukinsa William ya sauka daga Holan da runduna, James ya gudu Faransa. Majalisa ta ce ya karya alkawarin da ke tsakanin sarki da jama'a, ya kuma bar gadon ba kowa, ta ba William da matarsa Mary. A ƙarshen 1689 littafin John Locke ya fito yana cewa mulki amana ne da jama'a suka bayar don kiyaye rai da 'yanci da dukiya, mai cin amanar kuwa shi ne ɗan tawayen na ainihi.

An sāke zuwa da rantsuwa. Masu tsara ta sun yi dabara, suka cire kalmomin da ke cewa sarkin shi ne na hakki, don masu nauyin lamiri su iya wucewa. Yawanci suka wuce. William Sherlock ya ƙi da farko, daga baya ya rantse, ya rubuta littafi da hujja mai kama da ta Rous, ba da jimawa ba aka ba shi shugabancin babbar majami'ar Bulus ta Landan, mutane suka yi ta yi masa dariya. Wajen masu hidima 400 suka ƙi. Biyar daga cikin bishop bakwai ɗin nan da James ya tsare suna cikinsu: sun ƙi bin umarninsa yana kan gado, sun kuma ƙi karya rantsuwar da suka yi masa bayan ya gudu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Thomas Ken, mai gajeriyar waƙar yabon Triniti da har yau ake rerawa a ikkilisiyoyi da yawa. An tuɓe shi a 1691, ya koma zama a gidan wani abokinsa a Longleat. Bai goyi bayan 'yan'uwansa da suka naɗa sababbin bishop a ɓoye don raba ikkilisiya ba. Da Sarauniya Anne ta nemi mayar da shi kujerarsa ya ƙi, ya roƙi abokinsa George Hooper ya karɓa don kada garken ya zauna ba makiyayi. Ya mutu a Longleat a 1711.